Wanzamin Takarda

Ni ba wanzami ba ne. Ubana ba wanzami ba ne, kakana ma haka. Mu dukawa ne tun asali a nan cikin Agadas, gidanmu yana bayan kasuwar raƙuma, inda warin fata yake tarbar baƙo tun kafin ya yi sallama. Na fara da wannan ne domin shekara uku cur na yi ina cin abinci da sunan wanzanci, kuma har yau akwai tsofaffin da in sun gamu da ni a hanya sai su yi mini gaisuwar likita, su ce, lokotoro, ina kwana. Ina amsawa. Me zan ce musu?

Mu biyu Inna ta haifa da suka rayu, ni da Yaya. Shekara huɗu ya ba ni. In dai dukanci ne, Yaya ya kwashe shi kaf, bai rage mini ko na gwaji ba. Buzu zai sauko daga duwatsu ya ɗauki jakar sirdin da Yaya ya ɗinka, ya juya ta ciki da waje yana neman inda zai kushe don ya rage ciniki, ya rasa, har ya ji haushi. Ni kuwa in na ɗinka takalmi, Baba, Allah ya jiƙansa, sai ya ɗauki wuƙa ya warware ɗinkin a gabana bai ce uffan ba. Wallahi da zagina yake yi da ya fi mini sauƙi. Da wannan haushin na girma, ina neman wani abu guda a duniya da za a ce na iya shi, Yaya bai iya ba.

Baba ya rasu ba da daɗewa ba bayan Nasara sun zauna sun gina barikinsu a bayan gari. Sana'a ta kwanta. Ana kwashe raƙuma don ɗaukar kayan soji, masu raƙuman da suka rage suka yi nisa cikin jeji, kuma wanda ba shi da raƙumi ba ya sayen kayan sirdi. Ga aikin dole, kowane gida sai ya ba da namiji ya je ya ɗauki ƙasa da dutse. Wanda yake aiki a bariki kaɗai ake ɗaga wa gidansu ƙafa, a kuma auna masa hatsi. Ana cikin haka aka yi shela cewa likitan Nasara, wanda muke kira lokotoro, yana neman wanzami da ya san rauni kuma ba ya tsoron jini. Wanzaman gari babu wanda ya motsa. Tsohon wanzamin unguwarmu, wanda ya yi mana askin suna ya kuma yi mana kaciya ni da Yaya, ya ce shi ya tsufa da a riƙa gaya wa hannunsa abin da zai yi. Sai na ce ni zan je.

Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya tuna mini cewa ko ragon layya ake yankawa nakan sami uzurin zagayawa bayan ɗaki. Raina ya ɓaci, na ce me ke cikin wanzanci in ba aska da fata ba, mu ba fata muke yankawa ba tun muna rarrafe? Ya ce haka ne, amma fatar da muke yankawa mai ita ya riga ya mutu. Duk da haka ya taimake ni, don hatsin gida ya kusa ƙarewa, matarsa kuma tana da ciki.

Wanzami ba ya tafiya sai da zabira, jakar fatar nan mai aljihu-aljihu da yake jera askakensa da ƙahonsa a ciki. Kuma zabira ba a ganinta sabuwa a kafaɗar gwani, gadonta ake yi, sai ta yi baƙi da hannun uba da na kaka. Yaya ya ɗinka mini ɗaya cikin yini biyu. Ya rataye ta a saman murhun Inna kwana bakwai tana shan hayaƙi, ya murje ta da man shanu da toka, sannan ya yaga kusurwa ɗaya da gangan ya yi mata faci da wani zare daban, ɗinki karkatacce, don a ce gyaran wani tsoho ne da idonsa ya yi rauni. Yana yi yana tsokanata, wai wannan facin da ni ya ba wa da ba sai ya wahala wajen karkata shi ba. A kansa na koyi aski. Sau uku na yanke shi, tabon ɗaya yana bayan kunnensa na dama.

Saura takarda. Mun ji cewa Nasara ba ya yarda da maganar baki, ko da mutum goma za su tsaya maka, sai ya ga abu a rubuce. Na tafi wajen wani malami da yake rubuta wa fatake wasiƙa, na kai masa goro, na zauna na faɗa yana rubutawa. Na ce mai wannan takarda wanzami ne ɗan wanzami ta wajen uwa. Na ce shekara bakwai ya yi a Iferwan wajen kawunsa yana koyo. Na zaɓi Iferwan ne don tana da nisa, ba wanda zai hau raƙumi ya je tambaya, ni kuwa ko hanyarta ban sani ba. Na ce ya bi ayarin gishiri sau uku yana yi wa mutane magani, ya cire kibiya, ya ɗinke saran takobi. Sannan na ƙara da cewa ya cire harsashi. Malamin ya ɗaga kai ya dube ni, don ya san Baba, ya san Inna ba ta da wani ɗan'uwa a Iferwan. Ya ce shi alƙalami da tawada ne nasa, magana tawa ce. Na ce na ji, ya rubuta.

A bariki aka karanta wa mai fassara takardar, shi kuma ya juya wa lokotoro. Wani dogon mutum ne mai jan wuya, kullum gumi yake. Ya karɓi zabirar ya shinshina, ya gyaɗa kai. Aka kawo wani soji na aske shi, Allah ya rufa mini asiri ban yanke shi ba. Shi ke nan, aka ba ni farar riga.

Asirin bai kai mako ba. An kawo wani soji da ƙafarsa ta ruɓe, lokotoro ya ce in riƙe, ya sa wuƙa. Abin da na sani kawai shi ne na farka a ƙasa, ana zuba mini ruwa a fuska, sojoji suna ta dariya. Na ɗauka korata za a yi. Lokotoro ya yi wata magana, mai fassara ya ce wai ya ce takardarka ta fi ka jarunta, amma tunda kana wanke tsumma da kyau, zauna. Aikina ke nan har shekara uku: in hura wuta, in tafasa ruwa, in wanke ƙyallayen ɗaure rauni in shanya, in riƙe tasa, in binne abin da aka yanke, ran da babu aiki in aske sojoji. Daga baya na daina suma. Sau huɗu na ga an cire harsashi, duk ina tsaye da tasa a hannu, ina kallon rufin ɗaki fiye da yadda nake kallon raunin. Abin da na riƙe shi ne ƙarshen aikin, lokacin da lokotoro zai zaro abin da hantsaki ya jefa cikin tasar, ta yi ƙara, kowa ya yi ajiyar zuciya.

A bariki kowa ya san ko ni wane ne. A cikin gari ne na yi ɓarna. Mutanen unguwa sun san ƙaryar wanzancin, sun yi dariyarta sun gama. Amma da suka ga wata ya bi wata ba a kore ni ba, ina dawowa da farar riga ina warin magani, sai suka fara cewa lalle yaron nan ya koyi aikin Nasara. Ban ƙaryata ba. Na riƙa ɗebo wani jan magani a ƴar kwalba ina shafa wa masu gyambo da masu tuntuɓe, wasu suka warke, kamar yadda da ma za su warke. Sai ga mata suna aiko mini da fura. Masu ciwo suka fara wuce ƙofar tsohon wanzami suna zuwa tamu. Tsohon bai taɓa nuna mini ɓacin rai ba, in mun haɗu shi yake fara tambayata ya aiki.

Wanda na fi yi wa ƙarya Yaya ne. Bayan la'asar nakan zauna a rumfarsa yana ɗinki ina ba shi labari. Duk abin da na ga lokotoro ya yi sai in ce ni na yi. Na ce yanzu in aka kawo mai harbi, Nasara tsayawa yake yi ya harɗe hannu, ni nake shiga. Da farko yana yi mini kallon tsokana, daga baya ya daina. Wata rana na ji shi da kunnena yana gaya wa wani Buzu cewa ƙanensa nan da ake gani, abin da hannunsa ya sani duk ƙasar nan ta Azbin babu mai shi, shi dai fatar matattu Allah ya ba shi, ƙanensa kuwa ta masu rai. Daɗin da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce yunwa ce ta sa ni. Yunwa ta kai ni bariki, amma wannan ƙaryar ta biyu ba yunwa ba ce.

Mu mutanen zamanin da, mun san takobi da mashi. In faɗa ya tashi, ka san wa ya sari wa, kuma wanda ba ya ciki yakan ja gefe ya tsira. Bindiga ba haka take ba. Tun da ta yi yawa a gari muka koyi wani irin zama: ka ji ƙara daga nesa, sai mata su fizgo yara cikin gida, maza su dubi juna, kowa yana ƙirga nasa a zuci, wa ya fita, wa bai dawo ba. In aka ɗan jima ba a ji kuka ba sai a koma aiki, ba mai cewa komai.

Ranar da abin ya faru ina gida, domin lokotoro ya bi sojoji arewa kwana goma sha biyu ke nan, ya kulle akwatin kayansa ya tafi da mabuɗi. Da hantsi Yaya ya ɗauki jakar sirdi biyu ya tafi kasuwar raƙuma zai kai wa mai su. A ranar ana karɓar raƙuma don ɗaukar kayan soji. Wani mutum ya ƙi sakin igiyar taguwarsa, aka ja, ya ja, aka yi hayaniya. Bindiga ta tashi sau ɗaya, sannan ta tashi ta ko'ina. Har yau ba wanda zai iya rantsuwa ya ce daga hannun wane ta fara. Mai taguwar ko ƙwarzane bai samu ba. Waɗanda suka faɗi su uku ne, kuma babu wanda yake da raƙumi a cikinsu: wata mai sayar da cuku da ta mutu nan take, wani mai ɗebo ruwa, da Yaya.

Ina cikin gida na ji ƙarar, na yi irin ƙirgan da muka saba, na zo kan Yaya na tsaya. Kafin in sa takalmi sai ga mutane a ƙofa sun ɗauko shi a kan tabarma. Harsashin ya shige shi a cinyar hagu, can sama ta ciki. Wani Buzu da bai san shi ba ya warware rawaninsa a tsakiyar kasuwa, abin da Buzu ba ya yi, ya ɗaure masa wurin tamau. Jinin ya tsaya, sai ɗan naso. Yaya yana cikin hankalinsa sarai, har yana tambaya ko an tsince jakunkunan mutane.

Waɗanda suka ɗauko shi suka gaya mini cewa a hanya sun so su biya da shi gidan tsohon wanzami, don shi ne kusa. Yaya ya hana. Ya ce a kai shi gida, yana da ƙane.

Aka shimfiɗe shi a ɗakin Baba. Tsakar gida ta cika, zaure ya cika. Inna tana riƙe da matar Yaya tana ce mata ta daina kuka, ai Allah ya riga ya yi mana gata, ga mai aikin a cikin gida. Ina ɗauko zabirata na hango tsohon wanzami a zaure. Ya ji labari ya zo da kansa, da tasa zabirar a kafaɗa. Aka gaya masa abin da Yaya ya ce. Bai yi fushi ba, bai kuma tafi ba, ya sami gefen dakali ya zauna ya ɗora zabirar a cinya. Muka haɗa ido.

Taku goma ne tsakanina da shi. Ba sai na tona kaina ba ma. Da na ce wa tsohon, Baba, shigo ka taya ni, da ba wanda zai ga laifina, yaro ya girmama babba. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma idon unguwa duka yana kaina, Inna tana kallona, kuma shekara uku ina jiran ranar da za a kira ni a bar kowa. Na kawar da kai na ce a tafasa mini ruwa, a fitar da mutane daga ɗakin, haka Nasara yake yi. Na sa aka saki tabarmar ƙofa, muka rage daga ni sai shi.

Na wanke hannu kamar yadda na ga ana yi. Yaya yana ta yi mini wasa don ya ga fuskata ta canza, wai in yi a hankali, wannan ba kansa ba ne da na koyi aski. Na kwance rawanin. Ramin ƙarami ne, bai kai bakin ƴar kwalbata ba, jinin kuma bai taso ba. Wannan ya ƙara mini ƙarfin hali. A kaina abu ɗaya ne: harsashi yana ciki, aiki shi ne a fitar da shi. Ban taɓa tambayar lokotoro ba ko akwai wanda ake bari, don in na tambaya wa zan ce ina tambaya dominsa, ni mai wankin tsumma?

Na ba shi guntun fata ya ciza. Na zaro hantsaki daga zabirata na sa. Ban san tsawon lokacin da na yi ina lalube cikin naman ɗan'uwana ba, gumi yana shiga idona, shi kuma yana nishi ta hanci bai yi ihu ko sau ɗaya ba don kada mata su ji. Can na ji ƙarfe ya taɓa abu mai tauri. Na kama, ya suɓuce, na ƙara buɗe wurin da aska, na sake kamawa, na ja. Ya fito. Na jefa shi cikin tasa, ta yi ƙarar nan da na sani. Wallahi har na buɗe baki zan yi hamdala.

Sai jinin ya taso. Ba irin na farko ba ne, wannan ja ne wur, yana tsartuwa yana tsayawa yana sake tsartuwa, har ya kai bango. Na danna da tsumma, ya jiƙe. Na danna da wani, ya jiƙe. Na mayar da rawanin, na kasa ɗaure shi yadda Buzun ya yi. Na juye jan maganin duka a wurin. Da na rasa abin yi, sai hannuna ya koma ga abin da ya sani tun yarinta. Kwandon aikin Baba yana nan a kusurwar ɗakin inda ya bar shi. Na jawo shi na zaro basilla da zare, na fara haɗa bakin raunin kamar mai ɗinke salkar ruwa.

Yaya ya tofar da fatar da ke bakinsa. Ya ɗago kai ya dubi basillar, ya dubi yadda na riƙe ta, ya dubi ɗinkin.

"Haka Nasara yake yi?"

Na ci gaba da ɗinkin. Ya sake tambaya.

"Ba ka iya ba, ko?"

"Ban taɓa yi ba, Yaya. Tasa nake riƙewa."

Ya mayar da kansa ƙasa ya rufe ido. Na jira ya zage ni, na jira ya tsine mini, ina roƙon Allah a raina ya yi hakan. Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Ɓoye basillar nan. Kada Inna ta sani."

A lokacin ne na ɗaga tabarma na ƙwala wa tsohon wanzami kira. Ba ya nan. Ya jira har ya ji ƙarar tasa, ya ji mata sun fara hamdala a tsakar gida, sai ƴan'uwan mai ɗebo ruwa suka zo suka roƙe shi, ya bi su. Aka ruga nemansa a ɗaya gefen gari.

Yaya ya ce a shigo da Inna da matarsa. Na rufe ƙafar da bargo. Ya sa na nuna musu harsashin a cikin tasa, ya ce su gani, ƙanensa ya fitar da shi, abin da ko Nasara sai ya yi da gaske. Ya ce in wani abu ya biyo baya to kwana ne ya ƙare, kada a ce komai. Ya yi wa matarsa maganar ƴarsu, ya faɗi jakar wa da wa ke rumfa ba a gama ba. Yana ta jin ƙishirwa, yana cewa sanyi yake ji, alhali rana tana tsaka. Kafin tsohon ya iso leɓensa ya yi fari. Ya cika ana kiran azahar, kansa yana kan cinyar Inna.

Tsohon wanzami yana cikin waɗanda suka yi masa wanka, saboda haka ya ga abin da ke ƙarƙashin bargon. A hanyar dawowa daga maƙabarta ya rage tafiya har muka jera, mutane suka yi gaba. Bai dube ni ba. Ya ce a wurin nan akwai babbar jijiyar jini, kuma wani lokaci harsashin da ya huda ta shi ne yake toshe ta, kamar tsinken da ake cusa wa salka in ta huje. Irin wannan ba a taɓa shi. A dafa man shanu a zuba, a cika da garin bagaruwa, a ɗaure, a bar mutum da Allah. Ya ce bai ce lalle da ya tashi ba, shi ma an sha mutuwa a hannunsa. Sannan ya ce ɗinkin da ya gani na dukawa ne, kuma shi bai ga komai ba. Har ya koma ga Allah bai gaya wa kowa ba.

Mai ɗebo ruwan nan ya tashi. Nasa harsashin a ƙugu ya shige shi, tsohon ya bar masa shi a ciki. Ya yi shekaru masu yawa yana ɗingishi da jakinsa, kuma ta ƙofar rumfarmu hanyarsa take, kullum da safe sai ya gaishe ni. Malamai sun ce ajali ba ya gaba ba ya baya, na yarda, ni musulmi ne. Amma ban taɓa iya amsa gaisuwar mutumin nan ina kallon fuskarsa ba.

Kasuwar raƙuma ta yi kwana uku babu kowa. Daga bariki aka aiko cewa magana ta wuce, kuma ba wanda ya isa ya tambayi ta wuce ina. Masu zuwa gaisuwa suna zama a zaurenmu suna tsine wa bindiga da wanda ya kawo ta, da murya ƙasa-ƙasa, ido yana kan ƙofa. Ni na fi kowa tsinuwa, har ana riƙe ni ana cewa in yi a hankali kada a ji. Kuma ba ƙarya nake yi ba, na tsani abin nan har cikin ɓargona, mutum ya fita kai jaka a dawo da shi a tabarma. Sai dai na san bindiga rabin aikin ta yi. Ban koma bariki ba. Na aika musu da farar rigarsu, na zauna a rumfar Yaya da karkataccen ɗinkina, da shi na ciyar da Inna da matarsa da ƴarsa har na aurar da ita. Mutane suka ce baƙin ciki ne ya sa na bar aikin magani, suka ƙara ganin girmana.

Ran sadakar uku, da mutane suka ragu, Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakin Baba, an kankare bangon an shafe shi da sabuwar ƙasa. Na durƙusa. Na shiga ne da niyyar in faɗa mata komai, na ma shirya kalmar da zan fara da ita, duk da abin da Yaya ya ce. Ba ta bar ni na fara ba. Ta kamo hannuwana biyu ta riƙe cikin nata, tana murza su. Ta ce tun da aka yi rasuwar abu ɗaya ne yake sanyaya mata rai. Matar nan mai cuku a ƙasar kasuwa ta mutu, cikin kashin raƙuma, ba wanda ya san abin da zai yi mata. Nata ɗan kuwa bai rasa komai ba, an yi masa duk abin da ɗan Adam ya sani, kuma ba baƙo ne ya yi masa ba.

Ta ɗaga hannuwan nawa ta kai su fuskarta, suka jiƙe.

"Allah ya yi wa hannun nan albarka," in ji ta. "Yadda ka yi wa ɗan'uwanka, Allah ya ba ka mai yi maka."

Na ce amin.